Jirgi a Sama, Aiki a Ƙasa

Filinmu na tarihi a wannan mako zai kai mu ƙasar Ingila, wani ɗan ƙaramin filin jirgin sama da ke cikin karkara, inda aka tara tsofaffin jirage, da yawansu na yaƙi, waɗanda har gobe suna tashi. Daga can kuma za mu biyo sawun irin ɗaya daga cikinsu, mu ga yadda ya ratsa ta kan garuruwanmu a zamanin da tsofaffi ke kira yaƙin Hitila.

Sunan wurin Old Warden. Ƙauye ne a gundumar Bedfordshire, kusa da garin Biggleswade, kimanin kilomita 70 arewa da Landan. Wanda ya saba da filin jirgin Yamai ko na Kano, in aka kawo shi nan zai ɗauka ɓatan hanya aka yi. Titin tashin jirgi ba kwalta ba ne, ciyawa ce shimfiɗe kamar makiyaya, sai manyan rumfunan ajiye jirage guda shida a gefe. Tarin jiragen da ke ciki ana kiransa da sunan Shuttleworth.

A yawancin gidajen tarihi, in an kawo tsohon jirgi sai a tsiyaye masa mai, a goge shi tas, a rataye shi a rufi ko a kewaye shi da igiya. Ya gama aiki ke nan. A Old Warden kuwa, da shigarka rumfa warin man inji ne zai fara tarbarka, kuma in ka duba ƙarƙashin hancin jirage za ka ga an ajiye faranti yana tarar man da ke ɗiga. Daga watan Mayu zuwa Oktoba ana sa ranakun da ake turo su waje, a tayar da su, su tashi jama'a na kallo.

Wanda ya soma wannan tari wani matashi ne mai suna Richard Shuttleworth. An haife shi a 1909, ya gaji dukiya mai yawa daga gidansu, wadda aka tara ta hanyar ƙera injinan noma masu aiki da tururi. Mutum ne mai son gudu: ya yi tseren mota har ya ci babbar gasar Donington a 1935. Tun daga 1928 ya shiga sayen tsofaffin motoci da jirage da mutane suka yasar, yana gyara su har su koma aiki. Da yaƙi ya ɓarke ya shiga rundunar sojan sama ta Ingila. A daren 2 ga Agustan 1940, yana atisayen tashin dare cikin jirgi ƙirar Fairey Battle, jirgin ya faɗi, ya rasu yana da shekara 31. Mahaifiyarsa Dorothy ba ta sayar da kayan ɗanta ba. A 1944 ta mayar da dukiyar amana don tunawa da shi, a 1963 kuma aka buɗe wa jama'a ƙofa. Ƙa'idar da Richard ya bari ita ake bi har yau: abin da aka ƙera don ya tashi, a riƙe shi yana tashi.

Dattijon gidan shi ne jirgin Blériot na 1909. Duk duniya babu jirgin da ya girme shi cikin masu iya tashi. Irinsa ne Bafaranshen nan Louis Blériot ya hau ranar 25 ga Yulin 1909 ya ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila cikin ƙasa da minti 40. In ka tsaya gabansa sai ka ce aikin kafinta da tela ne: sandunan katako, da yadi, da waya da aka ɗaure ta ko'ina. Injinsa silinda uku ne, ƙarfin doki wajen 25, wato wani babur ɗin yau ya fi shi ƙarfi. In matuƙi zai karkata, waya yake ja ta murɗe fiffiken gaba ɗaya. Saboda haka ba a fito da shi sai da yamma liƙis, in iska ta kwanta ɗif. Ko a nan ma ba ya lulawa sama. Ya ɗan ɗaga, ya bi tsawon filin, ya sauka. Jama'a kan yi zaman awoyi suna jiran wannan ɗan tsalle, wani lokaci kuma iska ta ƙi, a watse ba a gani ba.

Rumfa ta gaba ta jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya ce, 1914 zuwa 1918: akwai Sopwith Pup, da Avro 504, da SE5a, da Bristol Fighter. Wasu daga cikinsu suna da wani irin inji da aka daina yayinsa. A injin mota, ƙarfen tsakiya ne ke juyawa, gangar jikin injin tana tsaye. A wannan kuwa injin ɗungurungum ne ke juyawa tare da farfela, don iska ta riƙa sanyaya shi. Man da ake sa masa na ƴaƴan zurma ne, kuma ba ya komawa tanki, fesowa yake yi waje har fuskar matuƙi. Da hannu ake tayar da shi: bakanike ya kama farfela ya fizge ta, ya yi maza ya ja da baya. Birki babu. A wutsiya ma ba taya, wani ɗan sanda ne ke jan ƙasa yana rage gudu. Kun ji dalilin ciyawa ke nan. A kan kwalta sandan nan zamewa zai yi, jirgin ya juya inda ya ga dama. Ashe ƙanƙantar filin da ciyawarsa su ne rufin asirin waɗannan jirage.

To, mai ziyara da ya zo don kallon sama kaɗai, ya bar rabin abin kallo a baya. Sauran rabin yana ɗakin gyara, inda ake barin mutane su leƙa. A nan za ka tarar da jirgi tsirara, an yaye masa yadi, haƙarƙarinsa na katako a waje. Yadin lilin ake shimfiɗa wa fiffike, a ɗinke shi da allura da zare a jikin kowane haƙarƙari, sannan a shafa masa wani irin fenti da ke sa shi ya ɗame kamar fatar kalangu. Yadin nan yana tsufa, dole bayan wasu shekaru a sake shi. Kayan gyara kuwa ba a shago ake sayensu ba, don kamfanonin da suka ƙera jiragen sun daɗe da rufewa ko narkewa cikin wasu. In ƙarfe ya ci, sai a koma ga tsohon zane, in akwai, a sassaƙo sabo. Jirgin Spitfire na gidan, ƙirar 1942, ya shafe kusan shekara goma a hannun makanikai kafin ya sake tashi a 2018. Akwai ƙwararru masu albashi, akwai ƴan sa kai, akwai kuma yara masu koyon sana'a a ƙarƙashinsu.

A nan hikimar Richard take. Jirgin da aka rataye a rufi, ƙarfensa da katakonsa kaɗai aka adana. Wanda ake tayarwa kuwa dole a samu mai jin muryar injinsa ya gane lafiya ko ciwo, dole a samu mai ɗinkin fiffike, dole a samu matuƙin da ya san halinsa, kuma dole kowannensu ya koya wa na baya. Duk bakaniken da ya taɓa raya tsohuwar Fijo ko tsohuwar Bedford a garejin Maraɗi ko Kumasi ya san wannan magana: ranar da mai gyaran ya mutu bai bar almajiri ba, ranar motar ta mutu.

Sai dai abin yana da tsada, kuma ba tsadar kuɗi kawai ba. A watan Yulin 2012 wani ƙaramin jirgi ƙirar 1923 ya faɗi a filin Old Warden, matuƙinsa, wanda yana cikin ƙwararrun gidan, ya rasu. A filin Duxford, wanda ba shi da nisa da nan, akwai jirgin jefa bam ƙirar Blenheim, shi kaɗai ya rage mai tashi a duniya. Na farko da masu gyaran suka raya, bayan aikin shekaru, ya tashi a 1987, wata ɗaya kacal ya yi ya faɗi. Suka raya wani, ya tashi a 1993, ya yi hatsari wajen sauka a 2003. Suka sake duƙufa, sai a 2014 ya koma sama. Don haka ake da masu cewa abin da babu na biyunsa bai kamata a yi caca da shi ba, a ajiye shi kawai jikoki su gani. Masu tayarwa kuma suna cewa jirgin da ba ya tashi gawa ce aka yi wa ado. Har yau ba a raba wannan gardama ba. Ku dai riƙe sunan nan Blenheim, za mu sake haɗuwa da shi.

Akwai kuma abin da kyan gani ke iya mantar da mutum. Bristol Fighter da ke shawagi a kan koren fili, yara na tafi, irinsa ne Ingila ta yi amfani da shi bayan 1918 wajen jefa bam a kan ƙauyukan da suka yi mata tawaye a Iraƙi da kan iyakar Indiya da Afganistan. Ta ga cewa jirgi ya fi bataliyar soja araha wajen tanƙwara talakawan mulkin mallaka. A 1920 ma da jirage aka kai wa Sayyid Muhammad Abdullahi Hasan hari a ƙasar Somaliya. Wanda aka yi wa ruwan wuta da jirgi, ƙarar injinsa ba kiɗa ba ce a kunnensa.

Da jiragen wancan zamani aka fara sauka a ƙasar Hausa. Ranar 1 ga Nuwamban 1925, jirage uku na sojan Ingila ƙirar DH.9A, waɗanda suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka sauka a Kano. Jagoransu wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Hanyar da suka biyo ba baƙuwa ba ce a wurinmu: Hartum, Al'ubayyid, Alfashir, Fort Lamy wato Njamena ta yau, Maiduguri, Kano. Kusan ita ce hanyar da alhazanmu suka daɗe suna bi a ƙasa, wasu shekara da shekaru, wasu ma su yada zango a Sudan har abada. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano a kan wannan layi.

Yanzu mu koma Old Warden, rumfar Yaƙin Duniya na Biyu. Idon kowa kan tafi kan Spitfire, don shi ne ɗan gata. Amma ku dubi na kusa da shi, mai ɗan doro a baya, wato Hurricane. Na wannan gida a Kanada aka ƙera shi, irin wanda aka shirya wa sojan ruwa ne, kuma ya koma tashi a 1995 bayan dogon gyara. Injiniya Sydney Camm ne ya zana Hurricane, ya fara tashi a Nuwamban 1935, aka ƙera fiye da 14,000, yau masu tashi ba su kai ashirin ba. Injinsa Merlin ne mai silinda 12, ƙarfin doki sama da dubu, gudunsa ya haura kilomita 500 a awa. Amma bayansa bututun ƙarfe ne da katako da yadi, kamar na kakanninsa. Harsashi kan huda yadin ya wuce, a yi masa faci a fili. Ana iya kwance shi a zuba a akwati, a ɗaure shi a wani wuri. Wannan hali nasa ne ya kawo shi wajenmu.

A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, alhali sojojinta da ke Masar suna matuƙar bukatar jiragen sama. Zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu kuwa tafiyar makonni ce masu yawa. Sai aka tuna da tsohuwar hanyar Coningham. Aka zaɓi Takoradi a Gwalkwas, wato Gana ta yau, mai tashar jiragen ruwa mai zurfi da aka buɗe a 1928. Jirage su zo cikin akwatuna, a ɗaure su a nan, su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Janaina, Alfashir, Al'ubayyid, Hartum, sannan su bi kogin Nilu zuwa Masar. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000, kwana shida in an yi sa'a.

Siyasa ce ta buɗe tsakiyar hanyar. Nijar a lokacin tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, haka ta zauna har ƙarshen 1942, don haka jiragen ba su da wurin sauka a Damagaram ko Yamai. Cadi ma da haka za ta kasance, ba don gwamnanta Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyana ta Faransa, ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle ranar 26 ga Agustan 1940 ba. Da wannan mataki Fort Lamy ta zama zango. A watan Satumba, makonni kaɗan bayan rasuwar Richard Shuttleworth, ayarin farko ya bar Takoradi: Hurricane shida da Blenheim ɗaya a gaba. Haka tsarin ya zauna. Blenheim ke ɗauke da mai duba taswira, shi ne madugu, ƙananan na bin sa a baya. Cikin matuƙan har da ƴan ƙasar Folan da Jamus ta cinye ƙasarsu. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Wanda kuma ke karɓar su a can, yana jagorantar rundunar saman hamada lokacin gwabzawar El Alamein a 1942, ba wani ba ne illa Coningham, wanda ya sauka Kano shekaru 17 kafin nan.

Wanda ya leƙa ɗakin gyara na Old Warden, ya ga mutum nawa ke kan jirgi ɗaya tal da ke tashi ƴan mintoci a wata, shi zai gane nauyin wannan lissafi na 5,000. A Takoradi sai an sauke akwatuna daga jirgin ruwa, an fasa, an ɗaura fukafukai, an gwada inji, cikin zafi da damshi da zazzaɓin sauro. A kowane zango sai an share fili, an daddaɓe shi, an gina masauki, an tanadi ruwa. Ƙura na cin inji kamar yadda gara ke cin azara, shi ya sa aka liƙa wa Hurricane wata babbar matatar iska a ƙarƙashin hanci, duk da haka da yawa kan isa Masar injinsu na neman gyara tun ba su ga fagen fama ba. Da hunturu hazo kan rufe ƙasa, jirgi ya ɓace wa madugunsa, ya sauka a daji, sai mutanen ƙauye su tsinto matuƙi.

Babbar wahala ita ce fetur. Zuwa Kano da sauƙi, tun da jirgin ƙasa ya iso tun 1911. Daga nan gabas sai mota a kan hanyar da damina ke yankewa. Ta ɓangaren Sudan layin dogo a Al'ubayyid ya tsaya, daga nan zuwa Alfashir da Janaina har raƙuma aka ɗora wa gwangwanayen mai. Jamusawa sun san inda jijiyar take. A Janairun 1942 jirginsu guda ɗaya ƙirar Heinkel ya ƙetaro Sahara daga Libiya ya jefa bam a filin Fort Lamy, ya ƙone man da aka sha wuyar tarawa.

Su wa suka yi dakon nan, suka sare itatuwa, suka fasa dutse, suka mirgina durom-durom na mai? Leburorinmu ne da direbobinmu da masu raƙumanmu, daga gaɓar teku har Darfur. Bayan guminsu, har da aljihunsu: an tara kuɗi a ƙasashenmu don saya wa Ingila jirage, shi ya sa runduna ta 91 ta sojan samanta ta ɗauki sunan Najeriya, ta 218 kuma ta ɗauki sunan Gwalkwas. Littattafan yaƙi sun riƙe sunayen matuƙa da hafsoshi da lambar kowane jirgi. Na ƙasa kuwa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Turawa sun riƙe nasu rabon tarihin ta hanyar da ta dace da su: uwa ta tsare kayan ɗanta, makanikai suka miƙa sana'a hannu da hannu, har jirgin 1909 yana ɗagawa yau. Rabonmu na wannan labari filayen ne. Filin jirgin Kano, da na Maiduguri, da na Njamena, da na Alfashir, duk sun samu faɗaɗawa a wancan zamani, kuma da yaƙi ya ƙare su suka zama ƙofofin da alhazai da ƴan kasuwa ke bi ta sama. Sauran rabon yana bakin tsofaffi. Yaron da yake ɗan shekara goma a 1942, wanda ya ga ayarin jirage bakwai na wucewa ta kan gonarsu, ko ya kai wa babansa fura a wurin aikin fili, yau ya haura shekara 90.

Saboda haka, jama'a, wanda Allah ya sa yana da irin wannan dattijo a gida, a Fagge ne ko a Zangon Takoradi, a Kusuri ko a Janaina, ya zauna da shi. Waya tana hannunku, ku naɗi muryarsa. Ku tambaye shi wa ya ɗauki mutane aikin, nawa ake biya, da yardarsu suka je ko tilas aka yi musu, me mutanen gari suka ce ranar da suka fara jin rugugin nan a sama. In kun samu, ku aiko mana, mu sa a wannan fili sauran jama'a su ji.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.